Gaisuwar Mutanen Zauren Yaya

A Garwar da na tashi, magana ba ta daɗewa a duniya. Mutum zai faɗi abin da ke ransa a zaure, waɗanda ke wurin su ji, da an tashi sallar magariba ta wuce. Ko wani ya kwashe ta ya kai gaba, da bakinsa zai kai, mai ita kuma yana iya rantsewa ba haka ya faɗa ba. Ban ce babu tsoro ba. Na ga shekarun da suka biyo bayan canjin shugaba, lokacin da dattawanmu ke rage murya kafin su ambaci Yawunde, babban birnin ƙasarmu, aka kuma yi ta ɗauke wasu 'yan arewa ba a ce ga inda aka kai su ba. Amma a lokacin an san wanda ba a magana a gabansa. In ya shigo a koma zancen damina, in ya fita a ci gaba daga inda aka tsaya. Yau ba a jiran kowa ya shigo. Kowa na zaune da waya a aljihu, abin da aka faɗa a zaure kuma yana iya kwana a Marwa da muryar mai shi, har da tarinsa.

Rayuwata ta aiki kusan duka a kan wannan ta ƙare. Malamin jami'a ne ni, fannina kimiyyar siyasa, abin da na fi bi kuma shi ne yadda na'urorin sadarwa ke sauya zaman mai mulki da wanda ake mulka. Na yi rubuce-rubuce da Faransanci da Ingilishi. Wannan da nake rubutawa da Hausa labarin yayana ne da amininsa.

Kakanninmu fatake ne daga ƙasar Kano. A gida Hausa muke yi, a kasuwa Fillanci, a makaranta Faransanci. Yaya ya bi mahaifinmu cikin cinikin shanu, ni aka sa ni boko, har karatu ya kai ni Faransa. Yaya bai iya rubutun boko ba, ajami kuma yana ganin ya yi wa zancensa kaɗan. Sai ya sayi rikoda. Ranar Juma'a bayan la'asar yakan ajiye ta a tsakiyar tabarma a zaurensa, inda abokansa ke taruwa, ya danna, ya yi sallama kamar ina zaune a gabansa. Daga nan sai gaisuwa, kuma gaisuwar tana da ƙa'ida. Duk wanda ke zaune sai an ambace shi, don tsallake mutum cin fuska ne. Kuma da yake sunayenmu na maimaituwa, Yaya kan faɗi sunan mutum da na mahaifinsa, da sana'arsa, da unguwarsa, don kada in rikice. Sai mutumin ya matso da bakinsa kusa da rikodar ya gaishe ni da kansa.

Wanda ba ya taɓa fashi shi ne wani mahauci, aminin Yaya tun suna makarantar allo. Yaya ke kawo shanu, shi ke yankawa, kuma ban taɓa jin sun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. In aka zo kansa sai ya ce, "Ɗan boko, an ce can doki suke ci. Ka dawo gida ka ci nama na gaske kafin ka fara haniniya." Sai ya kece da dariya, irin mai sa na kusa su kama ko ba su ji abin da aka ce ba. Bayan gaisuwa sai labari: wanda ya yi aure, wanda ya rasu, yadda kogin Binuwai ya cika, sannan abin da ake raɗawa game da gwamnati. Kaset ɗin yakan zo mini ta hannun matafiyi. In na saurara har na ƙoshi, sai in ɗauki amsata a kansa in mayar. Maganata ta goge tasu, tasu ta gaba ta goge tawa. Ba dabara muka yi ba, kaset ɗin ne ɗaya. Amma sakamakon shi ne babu abin da ya rage daga duk waɗannan shekarun, mai kyau ko mai hatsari.

Na dawo gida daidai lokacin da ake ta hayaniyar jam'iyyu da yawa. Na fara koyarwa ina tattara jaridun da ke fitowa da farin fili a inda aka hana labari. Daga baya shagunan intanet suka zo, sannan wayar hannu. Ni da abokan aikina da yawa mun yi murna, kuma muna da dalili. Makiyayi a bayan Mindif yana iya sanin abin da ake ciki a kasuwa kafin ya kora dabbobinsa. Abin da aka yi wa mutum a ƙauye yana iya isa birni da hoto. A Kano na zauna a cikin tasi ina jin mutane na bugo wa gidan rediyo waya suna caccakar gwamna da sunansa, direba yana ta gyaɗa kai. A Tunis na yi hira da matasan da suka ce waya ce ta haɗa su a titi. Na rubuta cewa mulkin da ya dogara ga shirun jama'a zai sha wuya a wannan zamani.

A wani taro a Turai, wata dattijuwa malama, wadda ta girma a gabashin nahiyar a ƙarƙashin jam'iyya ɗaya, ta saurari takardata har ƙarshe. Da muka fito shan shayi ta ce ta yarda mutane sun sami bakin magana. Tambayarta ɗaya ce, wa ke ajiye abin da suka faɗa? Na ba ta amsa irin ta taro. Amma tambayar ta biyo ni gida, sannu a hankali ta zama ita ce aikina. Na fara bin dokokin da ƙasashe ke yi kan saƙonni, da yadda ake yanke intanet a yanki guda a bar sauran, kamar yadda aka yi wa yankunanmu masu Ingilishi. Duk wannan na san shi a ofis da ɗakin karatu.

Yaya ya daɗe bai kula da sababbin wayoyi ba, sai da ya gane ana iya aika murya. Ranar ya kira ni yana murna kamar an mayar masa da abin da ya ɓata. Aiki ya zaunar da ni a Ngawundere, ba nisan Faransa ba, amma al'adar Juma'a ta dawo yadda take. Waya a tsakiyar tabarma, sallama, sannan kowa da sunansa da na mahaifinsa da sana'a da unguwa. In na amsa sai ya goge nasa saƙon daga wayarsa, a ganinsa an gama da shi. Na sha gaya masa cewa wannan ba kaset ba ne, gogewarsa ba ta goge na wasu. Yakan ce, "Kai dai Malam ka cika tsoro. Hausa ce fa. Waɗannan na ofis ko Fillanci ba su iya ba, balle Hausa." A Garwa wannan tunanin ba na wauta ba ne. Mu 'yan tsiraru ne, kuma mun saba harshenmu ya zame mana ɗaki mai ƙofa a tsakiyar kasuwa.

Abin ya faru a shekarun da hare-hare suka yi yawa a can arewa wajen iyaka. Shingaye sun ƙaru a hanyoyi, doka ta yi tsauri, kowa na taka-tsantsan. A tsakiyar bazara aka tsare motar shanun Yaya a wani shinge a hanyar Ngong. Wanda ya san zafin Garwa a wannan lokaci ya san abin da ake nufi. Aka bar dabbobin a cikin mota a rana ana jiran wani ya zo ya duba takardu, kafin a sake su wasu sun faɗi. A wannan Juma'ar Yaya bai aiko mini ni kaɗai ba. Ya sa saƙon a zauren dangi na waya, inda 'yan'uwanmu na Marwa da Yola da Kano suke, don yana so kowa ya ji.

Ya yi gaisuwarsa cikakkiya. Sannan ya ba da labarin shanun. Ya ce tun yana saurayi hoton shugaba ɗaya yake gani a bangon kowane ofis, hoton bai tsufa ba, shi ya tsufa, kuma har yau babu wanda zai kai wa kuka. Sai mahaucin, wanda ba ya iya barin shiru ya daɗe, ya ce, "Laifin shanunka ne. Da suna da katin zaɓe ai da rakiya za a wuce da su." Ya saki dariyar nan tasa, na kan tabarma suka ɗauka.

Na saurara a ofis, na kira Yaya na ce ya cire. Ya cire. Amma wani cikin dangi ya riga ya tura wa abokinsa, ba da mugunta ba, don dai maganar ta yi masa daɗi. Bayan 'yan kwanaki, da safe, na tsaya wurin mai shayi kusa da tashar mota. Ina jiran a haɗa mini sai na ji muryar yayana tana fitowa daga wayar wani direba. Mutane sun kewaye shi. Ba su san shi ba, amma suna jin sunayen abokansa ɗaya bayan ɗaya, da unguwanninsu. Da aka zo kan katin zaɓe suka fashe da dariya, wani ya ce a maimaita, wani kuma ya fassara wa na kusa da shi da Fillanci. Na bar shayin na tafi neman motar Garwa.

Na tarar takardar kira daga hukuma ta riga ni isa. Konbokasiyo muke ce mata, kamar yadda ake faɗa da Faransanci. Yaya na zaune da ita a hannu, bai ko buɗe ta sosai ba. Abin da ya fara ce mini shi ne, "An kai masa shi ma." Ban tambayi wa yake nufi ba, na san mahaucin ne. Ya ce shi in za a tsare shi a tsare shi, bakinsa ne ya ja masa. Amma mutumin nan gaisuwa aka ce ya zo ya yi.

Washegari da safe na raka shi. Jami'in da ya karɓe mu ɗan kudu ne, matashi, mai ladabi. Ya miƙe ya gaishe ni da muƙamina, ya sa aka kawo wa Yaya kujera. A gabansa akwai fassarar saƙon da Faransanci, an buga ta tsaf, ga kuma tafinta Bahaushe a tsaye a gefe, wanda ya ƙi haɗa ido da mu. Jami'in ya kunna saƙon tun daga sallama. Ban taɓa jin tsawon gaisuwar Yaya ba sai ranar.

Yaya ya ce, "Ka gaya masa ni na yi magana. Sauran gaisuwa kawai suka yi wa ƙanena."

Tafinta ya juya maganar da Faransanci. Jami'in ya ce, "Wanda ya yi zancen katin zaɓe fa?"

"Raha ce. Mahauci ne, bakinsa haka yake tun muna yara. Ko a gidan makoki sai ya sa an yi dariya."

"Mun san mahauci ne," in ji jami'in. "Kai ka gaya mana. Har unguwarsa ka faɗa, da sunan mahaifinsa."

Bai faɗe ta da izgili ba. Na dubi Yaya na ga ya sunkuyar da kai yana murza bakin hularsa da ya cire ya ɗora a gwiwa. Na yi magana da Faransanci, na yi bayanin al'adar gaisuwa, na ce wannan saƙon iyali ne. Jami'in ya saurare ni har na gama, ya ce ya fahimta, shi ma a garinsu akwai irin wannan. Sai dai saƙon ya fita daga iyali, ya kai inda aka tambaye shi a kansa, shi ma kuma akwai wanda zai ba amsa. Kafin azahar aka sallami Yaya da gargaɗi. Dattijo ne, gidanmu sananne ne a gari, ga ƙanensa malamin jami'a zaune kusa da shi. Mahaucin, da aka kira da yamma, babu wanda ya raka shi sai makwabcinsa. Bai dawo gida ba.

Kwanakin da suka biyo baya Yaya bai zauna ba. Ya je wurin manyan mahauta, ya je wurin limami, ya shiga gidajen 'yan kasuwar da ke da ido da hukuma, wasu ma waɗanda ya daɗe ba ya shiri da su. Ni ma na buga wa duk wanda na sani waya. Rumfar mahaucin a kasuwa na rufe, teburinsa a kife. Duk wanda muka roƙa sai ya ce zai duba, amma kafin ya ce haka sai na ga ya kalli hannunmu ko muna riƙe da waya. A ƙarshe aka sake shi ba tare da an kai shi kotu ba. Ba mu san maganar wa ta yi aiki ba.

Muka je gidansa da hantsi, Yaya na ɗauke da ƙullin goro. Ya fito ya shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gida. Ya rame, amma babu alamar duka a jikinsa, ya kuma ce ba a taɓa shi ba.

"Sannu da zuwa, Alhaji," in ji shi. Shi da ban taɓa jin ya kira Yaya da wannan ba. Yakan ce masa dillali, ko mai baƙin ciniki.

Yaya ya ce, "Ka yafe mini. Ni na ja maka."

"Haba Alhaji. Gaishe da Malam ka ce in yi, na gaishe shi. Sauran bakina ne." Ya juyo wurina. "Malam, kai da ka yi karatun abin nan, wai ba ya gogewa ne?"

Na ce masa a'a, in ya fita ya fita.

Ya jinjina kai. Ya ce abin da suka yi ta yi masa shi ne su kunna wurin dariyar, su tsayar, su ce wace murya ce wannan a bayansa, wa ya ce "wallahi kuwa", wa ya tafa hannu. Ya ce musu shi bai iya gane dariyar mutane ba. Sai su sake kunnawa. "Ban san haka dariyata take ba," in ji shi. "Sai da na ji ta a ɗakin nan. Kamar ta wani mahaukaci."

Yaya ya so ya mayar da abin wasa. Ya ce, "Ai mu mun daɗe da sani, kunyarka muke ji." Da a da ne da amsa ta biyo baya nan take, wadda ta fi wannan zafi. Mahaucin ya yi murmushi kawai, ya ɓare goro ya miƙa mana.

Da za mu tashi Yaya ya ce, "Sai Juma'a ke nan. Ba za a ɗauki komai ba, na yi maka alkawari. Wayar ma a cikin gida zan bar ta."

"Taka ke nan," in ji shi. "Na sauran fa? Alhaji, ba na jin haushinka, Allah ya sani. Amma ina da iyali, kuma na san bakina. In na zauna sai na faɗa."

Juma'ar ta zo bai zo ba. Yaya ya bar masa wurinsa a tabarma, kusa da ƙofa, ya hana kowa zama. Ta gaba ma haka. Ba gaba suka yi ba. Yaya ya ci gaba da kai masa shanu, suna haɗuwa a masallaci su gaisa su tambayi iyali, in salla ta zo nama na zuwa gidanmu kamar kullum. Na taɓa tsayawa a rumfarsa bayan ya sake buɗewa, na ga yana yanka yana aunawa, mai saye na tsokanarsa, shi kuwa yana amsawa da "to" da "madalla".

Na koma aji. Ɗalibaina sun saba jin ina kawo misalai daga ƙasashe masu manyan na'urorin leƙen asiri, kuma ban daina ba, don gaskiya ne akwai su. Amma a abin da na gani a Garwa babu wata na'ura ta musamman. Babu wanda ya saci saƙon, babu wanda ya kai ƙara. Dangi ne suka ji daɗin magana suka tura, aka kira mutum biyu, aka tsare ɗaya na ɗan lokaci aka sake shi. Ko a jarida bai fito ba. In da wani mai bincike zai zo ƙirga waɗanda aka ɗaure saboda magana a waya, ba zai sa mahaucin a ciki ba, kuma bai yi kuskure ba. Na yi ƙoƙarin rubuta wannan a takarda ta ilimi, masu dubawa suka ce labari ɗaya ba hujja ba ne. Su ma ba su yi kuskure ba.

Yanzu na yi ritaya, na dawo Garwa, ranar Juma'a nakan je zauren Yaya in zauna da kaina. Ana nan ana taruwa bayan la'asar. Ana shan shayi, ana zancen ruwan sama da ciwon gwiwa da waɗanda suka rasu. Babu wanda ya kafa doka, babu wanda ya hana kowa komai. Amma tun daga wancan lokacin ba a sake yin zancen mulki a zauren nan ba, ko da wasa, mahaucin kuma bai sake zama a cikinsa ba.